Ƙera jitar bes da hannu: wuya ne gaba, fenti daga baya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka. Ka ce kana da hannu a aikin kafinta, kana son ka ƙera jitar bes, wato jita mai kaurin murya, ta lantarki mai tsirkiya huɗu da kanka, kana neman shawara kan katakon da za ka saya da irin fentin da zai ba ka ƙyalli irin na kayan kanti. Allah ya sa albarka. Aiki ne mai yiwuwa, kuma wanda ya iya riƙe zarto da magagari ya riga ya yi nisa. Zan zo kan fentin, amma ka bari ya zama na ƙarshe. Na sha riƙe bes ɗin hannu mai sheƙi wadda ba ta kaɗuwa, kuma kusan kullum matsalar a wuya take.

Tsirkiyoyin bes guda huɗu, masu kauri daga inci .045 zuwa .105, idan an ɗaure su daidai suna jan wuyan da nauyin da ya kai kilo 70 ko sama da haka, dare da rana. Wuyan kuwa kaurinsa a kusa da kai bai wuce milimita 21 ba. Siririn katako mai tsawon kusan kamu biyu yana ɗauke da wannan ja, dole ya so lanƙwasa kamar baka. Saboda haka ne ake binne sandar ƙarfe a cikinsa, wadda 'yan kiɗa ke kira turos rod, ana juya ta da ƙaramin makulli tana mayar da wuyan baya. Kamfanin Gibson mai ƙera jita ne ya yi rajistar wannan dabara tun farkon shekarun 1920. Kada ka bari wani ya ce maka katakon ƙasarmu yana da ƙarfi, ba ya buƙatarta. Yana buƙata. Ka nemi mai aiki ta fuska biyu, wadda ke iya tura wuyan gaba ko baya, kuma ka gwada ta a hannu ka ga tana juyawa kafin ka rufe ta da allon yatsu, wato siririn katakon da ake mannawa a fuskar wuya inda yatsu ke danna tsirkiya, don idan ta cije bayan an manna, sai an ɓare komai. Ramin da za ka haƙa mata ya kama ta tsam, kada ta yi motsi, kuma ka bar aƙalla milimita 3 na katako a ƙarƙashinta bayan ka sassaƙe bayan wuyan. Ka liƙa siririn tef a kanta kafin ka shafa gam, kada gam ɗin ya sauka kan zaren notin.

Sai katako. A Amurka, kamfanin jita na Fender suna yin wuya da katakon maple, jiki kuma da alder ko ash, amma ba sai ka yi oda daga waje ba. Afara da ake sayarwa a 'yan katako ita ce itacen da Gibson suka yi jitocinsu Flying V da Explorer da shi a 1958, can suna kiranta korina. Tana da sauƙin nauyi, tana jin sassaƙa, ta dace da jiki sosai, sai dai ka duba ta da kyau, don ƙwaro yana sonta. In ka ga ƙananan huji da gari yana zubowa, ka ajiye ta ka wuce. Itacen kawo ma, kamfanin Warwick na Jamus ya daɗe yana yin jikin bes da danginsa. Madaci yana da kyawun launi, amma namu na arewa yana da nauyi, idan ka yi jiki gaba ɗaya da shi mai kaurin milimita 44, kafaɗar makaɗi za ta gaya masa kafin a tashi daga biki. Ka yi ƙoƙari duka jitar kada ta wuce kilo 4 da rabi. Obeche kuwa ta yi taushi, sukurori ba sa zama a cikinta. Don wuya, ni madaci nake zaɓa, amma ba falle ɗaya ba: in tsaga shi uku a tsaye, in juya na tsakiya, in manne su, ta yadda idan wani ya so murɗewa dama, ɗan'uwansa zai riƙe shi. Allon yatsu yana son katako mai tauri da santsi, kuma maɗobiya ta cika wannan sharaɗi. Yawan saranta ana fitarwa waje ya sa tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, ke sa wa ido, don haka ni ban ba da shawarar a sare sabuwa ba. Ɗan guntun da kake buƙata za ka same shi a tsohon gado ko tsohuwar ƙofa.

Tsohon katakon nan ma ya fi sabo ta wata fuskar da ta fi komai muhimmanci, wato bushewa. Mai sayarwa zai rantse maka katakonsa busasshe ne, kuma a wajen rufin ɗaki gaskiyarsa ne, amma a wajen wuyan jita ba haka ba ne. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri idan iska ce za ta busar. Mu kuma muna da namu yanayin: a damina iska cike take da laima, da hunturu ya kama sai ta bushe ƙayau. Allon yatsun da aka manna a watan Agusta zai tsuke a Janairu, firet kuwa, wato siraran ƙarafan da ake dasawa a gicciye a kan allon, ba sa tsukewa, sai ka ji bakunansu sun leƙo ta gefe suna karce tafin hannu duk lokacin da ka zame sama ko ƙasa. Saboda haka ka yanka katakon ya ɗara girman da kake so, ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ka bari hunturu guda ya wuce a kansa. Wanda zai murɗe zai nuna halinsa tun a lokacin. Manne-manne da dasa firet kuma ka yi su a lokacin rani. Gam ɗin katako fari ko rawaya mai kyau za ka yi amfani da shi, ka matse da ƙarfi ya kwana. Gam irin na masu takalma ba ya daskarewa, yana jan jiki a hankali, ba shi da wuri a wannan aiki.

Yanzu awo, kuma nan ne ba a yafe kuskure. Tun da Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951, tsawon tsirkiyar da ya zama ma'auni shi ne inci 34, wato milimita 863.6, daga ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kai zuwa inda suke sauka a kan birij, wato ƙarfen da ke riƙe su a jikin jitar. Wurin kowane firet lissafi ne: ka raba tsawon da 17.817, abin da ya fito shi ne nisan firet na farko, milimita 48.5. Ka cire shi, ka sake raba ragowar da 17.817, haka har ka gama. Don ka gwada lissafinka, na biyar zai faɗo a 216.6, na bakwai a 287.2, na goma sha biyu kuma a tsakiya cif, 431.8. Ka rubuta nisan kowanne daga ƙashin, ka riƙa aunawa daga can kullum. Idan kana aunawa daga firet zuwa firet, ɗan kuskuren kowanne yana taruwa, kafin ka kai na goma sha biyar jitar ta daina faɗin gaskiya. Ka yi alama da bakin reza a kan dogon ma'aunin ƙarfe, fensir ya yi kauri. Zarton da za ka tsaga ramukan da shi kaurinsa ya zama wajen milimita 0.6, daidai da ƙafar firet ɗin da ka saya. In ba ka da irinsa, sayen allon yatsu da aka riga aka tsaga ba abin kunya ba ne, ya fi maka alheri a jitar farko.

Bayan ka buga firet duka, ka daidaita wuyan ya miƙe, ka shafa wa kan kowane firet baƙar tawadar alƙalamin maka, ka ɗauko doguwar sanda madaidaiciya da aka liƙa wa samfefa ka riƙa gogawa a hankali. Za ka ga tawadar tana gogewa a kan masu tsayi, tana nan a kan gajeru. Ka ci gaba har kowanne ya nuna farin layi, sannan ka mayar musu da kai zagaye da magagari, ka goge su yi santsi. Wannan aikin na yini guda shi ke raba jitar da za a iya saukar da tsirkiyarta ƙasa da wadda za ta riƙa ƙarar zzz a wasu wurare.

Jiki ba shi da wahala ga kafinta. Ka ja layin tsakiya tun katakon yana murabba'i, komai daga shi za ka auna. Ka fara haƙa gurbin wuya, zurfin milimita 16, ya kama wuyan har ka iya ɗaga jikin da shi ba tare da sukuru ba. Ka sayi birij da fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya) da maɗauran tsirkiya kafin ka huda ko'ina, don girmansu yana bambanta. Kafin ka kafa birij, ka ja zare biyu daga kai, ɗaya a wurin tsirkiya ta farko, ɗaya a ta huɗu, ka ga tazararsu da gefen wuya ta yi daidai. Ƙahon sama kuma ya kai saitin firet na goma sha biyu, in ya gaza kan jitar zai riƙa rinjaya ƙasa idan an rataye ta.

A wayoyi, ina ba ka shawarar fikof mai gida biyu irin wanda Fender suka koma yi wa Precision a 1957, saboda yana kashe gurnanin lantarki da kansa, kuma ka san yadda janareta da wayoyin wuraren biki suke. Maɓallin ƙara ɗaya, na murya ɗaya, kowanne 250k, da kafasita .047. Ka shimfiɗa takardar tagulla a cikin ramukan fikof da na maɓallai, ka ja waya daga bayan maɓalli zuwa ƙarƙashin birij. Ka sani wannan wayar tana haɗa hannun makaɗi da jikin amfilifaya, don haka amfilifayar da ke jan mutum a kai ta gyara kafin a jona.

Ga abin da na fi so ka riƙe: ka haɗa jitar gaba ɗaya tana tsirara, babu fenti ko ɗigo, ka ɗaura tsirkiya, ka kaɗa ta mako biyu ko uku. Ka danne tsirkiyar E, wato mafi kauri, a firet na farko da na ƙarshe, ka duba ratar da ke tsakaninta da firet na takwas, ya kamata ta zama wajen milimita 0.3, ka gyara da sandar ƙarfen kaɗan-kaɗan, rubu'in juyi a lokaci guda. Ka gwada sautin firet na goma sha biyu, in ya ɗara sama ka ja sirdin birij, wato ɗan ƙarfen da tsirkiyar ke zaune a kansa, baya. A wannan lokacin ne za ka ji ko wuyan ya yi kauri a hannu, ko gefen jiki yana cin haƙarƙari, kuma magagari zai gyara cikin minti kaɗan. Bayan fenti, kowane gyara ɓarna ne.

To, fenti. Ƙyallin da kake gani a kanti kusan duka aikin samfefa ne. Ka bi lamba 120, 180, 220 zuwa 320, kullum ka bi tsawon jijiyar katako. A 220 ka shafa ɗanyen tsumma, ka bari ya bushe, gashin katakon zai miƙe, ka goge shi. Afara da madaci suna da buɗaɗɗun ƙofofi a fatarsu, in ba ka cike su da fila, wato kwaɓin cike ƙofofin katako, ba, fentin zai riƙa nutsewa, bayan wata guda ka ga fuskar ta yi ɗigo-ɗigo. Hanya biyu ce a gabanka. Ta farko mai: man linsid dafaffe ko Tru-Oil, shafi siriri da tsumma, ka share ragowar, ka bari ya bushe, ka sake, har ya taru. Ba zai yi madubi ba, amma katakon zai fito da kyansa, ƙura ba ta ɓata shi, kuma gyaransa sauƙi ne. A bayan wuya ni mai kawai nake sa wa, don hannu mai gumi yana kamewa a kan fenti mai sheƙi. Tsumman da ya sha man linsid kada ka dunƙule shi ka jefa a kwana, yana iya kama wuta da kansa. Ka shanya shi a fili ko ka tsoma a ruwa.

Ta biyu feshi, in dai launi da sheƙi kake so. Launukan Fender na da ma fentin mota ne na DuPont, don haka kai jikin wurin ƙwararren mai fentin mota ba baƙon abu ba ne. Ka liƙe gurbin wuya da tef, ka kafa sanda a ciki don riƙewa, ka roƙe shi ya yi shafi siriri, ba irin na bambar mota ba. Ruwan sheƙin mota mai haɗi biyu yana da guba mai lahani ga huhu, takunkumin yadi ba ya tare ta, sai na ƙwararrun masu feshi. Kada a fesa ranar da hadari ya haɗu, laima tana shiga ƙarƙashin fentin ya yi fari-fari, kada kuma a fesa ranar da ƙurar hunturu ta tashi. Idan laka irin ta nitro ce, mai narkewa da tina, ka rataye jikin mako uku zuwa huɗu kafin ka taɓa shi. Ka danna farce a inda birij zai rufe, in ya bar shaida bai yi ba. Sannan ka jiƙa samfefa ka bi daga 800 har 2000 da ɗan katako a bayanta, ka yi hattara da gefuna don nan fenti ya fi siranta, kuma kada ruwa ya shiga hujin sukuru, katakon zai kumbura ya fasa fentin. Daga nan sai man goge mota da auduga mai laushi.

Ka faɗa mana irin katakon da ke hannunka da tun yaushe aka yanka shi, da kuma ko kana da injin rauta mai haƙa rami a katako ko da kurfi za ka haƙa ramukan, sai in gaya maka yadda za ka yanka samfurin filawud na gurbin wuya.