Amsa kan ƴan halittun da ke zabura cikin ruwan tabki

Ɗan'uwa na Tahoua, ka tambaya ko ƴan mitsi-mitsin halittun da ka gani suna zabura a ruwan tabkin Tabalak akwai irinsu a teku. Akwai, can ma suka fi yawa. Kofefod ake kiransu, dangin ƙaguwa ne, yawancinsu milimita 1 zuwa 2, da ido guda. Na teku da dare suke hawowa sama su ci ƙananan tsirrai masu yawo a ruwa, gari na wayewa su nutse don gudun kifi. Sardin ɗin gwangwani ma su yake ci.

Na tabki kuwa, wasunsu ne ke ɗaukar tsutsar kurkunu. Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta tabbatar Nijar ta rabu da cutar a 2013, amma don Allah a ci gaba da tace ruwan sha.