Wane gefen titi ya dace mai tafiya a ƙasa ya bi?

Malam, ka tambaya ko mai tafiya a ƙasa zai bi hannun da motoci ke bi. A'a, fuskantar motocin da ke tahowa ita ce daidai. Tun 1972 motoci a Najeriya hannun dama suke bi, saboda haka hagu za ka kama, domin idan tirela ta kauce wa rami ta sauko daga kan kwalta, kana ganinta za ka yi tsalle gefe, alhali wanda ya ba ta baya sai dai ya ji ƙarar birki. Abin ya fi tayar mini da hankali da almuru, lokacin da yara ke dawowa daga Islamiyya a jere, fitilun motoci kuma suna kashe wa direbobi ido.