Fiza ba da fulawa ba: me zai riƙe kwaɓin?

Tambayar ɗan koyo: Maigida, wata hajiya a nan Garwa ta ce likita ya hana ɗanta cin duk abin da aka yi da alkama, ga shi yaron yana son fiza. Na kwaɓa garin shinkafa da yis kamar yadda muke yin na fulawa, ya ƙi miƙewa, da na gasa kuma ya farfashe. Ina matsalar take?

Ɗana, hannunka lafiya lau, garin ne ba shi da abin da kake nema a cikinsa. A cikin alkama akwai wani sinadari, gulutin, wanda idan ya sha ruwa aka murza shi yake zama danƙo mai miƙewa. Shi ne yake tare iskar da yis ke fitarwa har kwaɓi ya kumbura. Shinkafa, dawa, gero, masara da rogo duk ba su da shi, shi ya sa yaron hajiya zai iya cin su, shi ya sa kuma ko ka kwana kana murza ba za su yi danƙo ba. To daina murza. Danƙon za ka kawo daga wani wuri, kuma mafi sauƙinsa a nan shi ne talgen sitacin rogo.

Ga awon fiza uku masu faɗin santimita 28. Garin shinkafa giram 250, garin farar dawa giram 100, sitacin rogo giram 150, busasshen yis giram 7, sukari giram 10, gishiri giram 9, man gyaɗa cokali 2 na cin abinci, ƙwai 1, ruwa mililita 420. Ka auna da sikeli, gwangwani yana ruɗi, domin nauyin garin shinkafa da na sitaci ba ɗaya ba ne.

Shinkafar Yagwa ta wadatar, ko da karyayya ce, tunda niƙa za ta sha. Abin lura shi ne laushi. Ka wanke, ka jiƙa awa 3 ko 4, ka shanya ta sha iska, a niƙa, ka tankaɗe da rariya mai laushi sau biyu. Garin da ke da tsaki yana sa mai ci ya ji kamar yashi a haƙori. Dawa kuwa fara za ka nema, irin muskuwarin da ake kawowa daga wajen Marwa. Ja tana da bauri, tana kuma duhunta kwaɓi. Wajen sitaci ka ce na rogo, na ci, ba na guga ba. Kada ka ce tapiyoka, mai shago zai miƙo maka garin kwaki.

Yanzu talgen. Ka ɗebi giram 50 daga cikin sitacin, ka dama da ruwan sanyi mililita 250, ka ɗora a wuta kaɗan kana juyawa. Zai tashi daga fari ya koma garai-garai, ya yi yauƙi yana bin muciya. Nan za ka sauke. Bar shi ya huce har ka iya barin yatsanka a ciki ba ka ji zafi ba, domin zafin da ya kai digiri 55 zuwa 60 yana kashe yis. Sauran ruwan, mililita 170, ya zama mai ɗumi-ɗumi, ka zuba yis da sukari, ka jira minti 10 ya yi kumfa. Sai ka haɗa komai ka buga da muciya minti 4 ko 5 har gudaji su ɓace. Idan ka samu garin zantan, wani gari mai sa kwaɓi danƙo, a manyan shaguna, giram 8 yana aikin talgen, sai dai yana da tsada kuma ba kullum ake samu ba. Garin busasshiyar kuɓewa cokalin shayi 1 yana ƙara riƙo, amma kada ka zarce, ɗanɗanonsa zai fito.

A nan ne masu koyo suke ɓata aiki. Kwaɓin zai fito da laushi, yana manne wa hannu, ya fi ƙullun waina kauri amma bai kai kwaɓin burodi ba. Sai hannu ya tafi wajen gari don a gyara. Kul! Garin shinkafa yana shan ruwa a hankali, ka rufe ka ba shi minti 30, za ka ga ya kama jikinsa. Wanda ya ƙara gari, shi ne fizarsa ke fitowa da tauri tana tsagewa a baki-baki.

Ba a mirgine shi da katako, ba a jefa shi sama. Ka shimfiɗa takardar gashi a faranti, ka shafa mai a tafin hannu, ka ɗora kashi ɗaya cikin uku ka riƙa dannawa daga tsakiya zuwa waje har kaurinsa ya zama rabin santimita, bakin ya ɗan fi tudu. Tashi ɗaya yake yi, a kan farantin, kuma ba a sake taɓa shi. A zafin Maris da Afrilu minti 20 ya isa. Da hunturu ka ba shi minti 40, ka rufe shi da leda mai mai, in ba haka ba iska ta busar da samansa. Idan ya wuce lokaci zai kumbura ya faɗi, ba shi da ƙarfin sake tashi.

Gashi sau biyu ne. Tanderu ya kai digiri 230 zuwa 250, ka sa kwaɓin shi kaɗai minti 8 zuwa 10, har samansa ya bushe, ƙasansa ya saki takarda. Sannan ka fito da shi ka shafa miyar tumatir da ka riga ka dafa ta ƙafe, cokali 3 kawai, ka barbaɗa cuku giram 100, albasa, tattasai, da naman da ya riga ya gasu. Mayar da shi minti 6 zuwa 8. Wanda ya zuba kaya a kan ɗanyen kwaɓi zai samu tsakiya mai kama da tuwon da bai nuna ba. A ci da zafi, domin da ya huce yake taurarewa, ya fi na fulawa saurin yin haka.

Saura abin da ya fi awo muhimmanci. Idan cutar siliyak ce ke damun yaron, gulutin yana lalata masa ƙaramin hanji, kuma ɗan burbushi ma yana yi. Ƙa'idar duniya ta abincin da ake kira marar gulutin ita ce kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Injin unguwa da ya niƙa alkamar funkasau da alkaki zai bar saura a garinka, don haka a wanke injin ko ka nemi wanda ba ya taɓa alkama. Rariya, muciya, kwano da faranti su zama nasa shi kaɗai. Maganin kumburin burodi da muke sawa a fulawa, ba yis nake nufi ba, kada ya kusance shi, yawancinsa akwai alkama. Dunƙulen miya da tsiran gwangwani sai ka karanta abin da aka rubuta a jikinsu, wasu da fulawa aka haɗa su. Ka yi aikin da sassafe, kafin a buɗe buhun fulawa ƙura ta cika ɗaki, da wankakken hannu da riga mai tsabta. Idan ka ga ba za ka iya raba aikin haka ba, ka gaya wa hajiya gaskiya, ka rubuta mata awon ta yi a gida.