Sun Ce Na Cika Yanke wa Mutane Hukunci, Ni Kuwa Gaskiya Nake Faɗa

Assalamu alaikum Goggo,

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim, shekaruna 36, 'ya'yana biyar. Gidanmu babban gida ne, mu huɗu ne facaloli, kowace da sashenta. Tun ina yarinya aka san ni da rashin ɓoye-ɓoye. In abu bai yi mini ba, zan ce bai yi ba.

Babu abin da na tsana irin a ci bashi ko a taɓa gona saboda kayan ɗaki da gara. To bayan ƙaramar sallah matar yayan maigidana ta aurar da 'yarta ta biyu. Sai ga gado na yayi, ga kujeru, har da firiji a garin da wuta sai ta ga dama take zuwa. Gara kuwa buhunan shinkafa ne da katan-katan na taliya da jarkar mai, ban da alkaki da nakiya. Daga baya muka ji ashe fadamarsu suka jinginar, wadda suke noman alkama a cikinta da rani, wadda kuma ita ta rufa musu asiri lokacin da ambaliyar 2022 ta cinye mana shinkafa.

Ranar zubin adashi mata sun cika tsakar gida, aka ɗauko hirar bikin. Na ce ni dai a wurina duk wadda ta jinginar da gona don jere ba son 'yarta ne ya sa ta ba, son a sani ne kawai. Ban kama suna ba. Facalar tawa ta tashi ta shige ɗaki. Yau wata biyu ke nan daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu, yaranta ma ta hana su zuwa wurina karatun dare. Wata har cewa ta yi wai na manta yadda babbar 'yar facalar tawa ta dawo gida da takarda, bayan dangin miji sun ishe ta da gorin ba ta zo da komai ba. Ni ban ga abin da ya haɗa wannan da wancan ba.

Maigidana ya ce na cika yanke wa mutane hukunci, in koyi kame bakina. Goggo, laifi ne mace ta tsaya a kan ra'ayinta? Ko so ake in ga ɓarna in yi shiru kamar munafuka?

Taki, malama daga Ringim.

Wa alaikumus salam 'yata,

A kan gona bakinmu ɗaya. Wanda ya karɓi jingina shi zai riƙa nomawa yana cin amfani har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa, kuma da me za a tara kuɗin alhali abin da ke kawo su yana hannun wani? Gara al'ada ce, ba ta cikin sharuɗɗan aure. Ki riƙe wannan ra'ayi naki, ki faɗe shi a ko'ina, ba zan ce ki rage masa gishiri ba.

Amma ki sake duba abin da ya fita daga bakinki ranar. Magana biyu kika ƙulla wuri ɗaya. Da cewa kika yi jinginar da gona don jere asara ce, da kin yi magana a kan aiki, wanda kowa ya gani da idonsa, kuma duk mai ja ta kawo hujjarta ki kawo taki. Ke kuwa cewa kika yi ba son 'yarta ne ya sa ta ba. Nan kin bar gona kin shiga ƙirjin mutum. Wa ya buɗe miki? Ki tuna Usama ɗan Zaidu, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya kashe mutumin da ya yi kalmar shahada a fagen yaƙi, ya ce ai tsoron makami ne ya sa shi faɗa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani. A fagen yaƙi ke nan fa, balle a wurin zubin adashi. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ma umartar mu ta yi da mu nisanci yawan zato.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne zancen babbar 'yarta, wanda kika wuce shi a layi biyu kika ce ba ki ga haɗinsu ba. Haba malama! Uwa ta ga an gasa wa 'yarta gori har aure ya mutu, ta karɓe ta da hawaye da ƙullin kaya, sannan ga ta biyu za ta fita. Ni abin da nake hange a nan tsoro ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsoron bai mayar da jinginar daidai ba, amma ya isa ya nuna miki cewa kin jefi matar da kishiyar abin da ke ranta, a gaban matan da za ta ci gaba da haɗuwa da su a suna da biki har ƙarshen rayuwarta.

Batun ban kama suna ba kuwa, ki bar shi. Gidaje nawa ne a garin suka jinginar da fadama a watan?

Akwai kuma lokaci. Da kin ji ƙishin-ƙishin kafin biki kin same ta a ɗaki ku biyu, wannan nasiha ce. Bayan an karɓi kuɗi an yi jere amarya ta tare, ihu ne bayan hari, ba gonar da zai dawo da ita. Maigidanki rabin gaskiya ya faɗa. Shiru ba zai gyara ki ba, don mai hukunta mutane a zuci tana nan tana yi ko da bakinta a rufe.

Ki je sashenta bayan isha'i, ke kaɗai, kada ki aika kowa. Ki ce, “Yaya, na faɗi abin da ban sani ba game da zuciyarki, ki yafe mini.” Ki tsaya a nan. Kada ki biyo shi da “amma dai”, na san irinku, harshen zai yi ƙaiƙayi. Ba sai kin ce jinginar ta yi kyau ba, ita ma ba ta nemi haka ba. In ba ta sake ba a ranar, ki koma.

In ta huce har ta buɗe miki ciki, ki tambaye ta nawa aka karɓa, da ko an yi rubutu da shaidu a gaban mai unguwa ko dagaci, don jinginar baka ita ce kan rikiɗe ta koma sayarwa idan manya suka kwanta dama. Sannan tunda adashinku ɗaya, ki duba ko za ki bar mata ɗaukarki ta gaba, ke ki karɓi tata daga baya.

Goggo