Tambaya da Amsa: Me Ya Sa CD4066 Take Fitar da Wuta Bayan An Kashe Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na haɗa aisi (ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu da yawa) mai lamba CD4066, mai makunnai huɗu a ciki, da wuta bolt 12, ina sarrafa ta da Arduino (ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa shiri), kuma siginar da nake so ta wuce bolt 9 ce. Idan na kashe makunnin, mitata tana nuna kusan bolt 1 a ƙafar fita, idan kuma na kunna, abin da yake fitowa ba ya kai 9, yana ta hawa da sauka. Shin aisin ce ta lalace?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina aisin taka lafiya lau take, don haka kada ka yi gaggawar cire ta. Makunnan nan huɗu da ke cikin CD4066 ba ƙarfe ne da ke taɓa ƙarfe ba, tiransistoci ne (ƙananan na'urori masu buɗe wa wuta hanya ko rufe ta) nau'in CMOS, waɗanda ba sa rufuwa ruf idan an kashe su, kuma ba sa barin wuta ta wuce salin alin idan an kunna su.

Babbar matsalarka tana wajen sarrafawa. Wannan aisi tana auna umarnin da ya zo mata ne gwargwadon wutar da take ci, kuma ba ta tabbatar da cewa an ce ta kunna sai ƙafar sarrafawa ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar: bolt 3.5 idan tana kan bolt 5, bolt 7 idan tana kan bolt 10. A kan bolt 12 tana bukatar fiye da bolt 8, alhali Arduino bolt 5 kawai yake iya bayarwa, shi ya sa makunnin yake tsayawa tsaka-tsaki, bai kunnu sosai ba, bai kuma mutu ba. Ka ɗora baƙar wayar mita a ƙafa ta 7, wato negatif ɗin aisin, jar kuma a ƙafar sarrafa makunnin da kake aiki da shi, wato 13, 5, 6 ko 12, za ka ga abin da idonka. Domin gwaji, ka cire wayar Arduino, ka haɗa ƙafar sarrafawar kai tsaye da ƙafa ta 14, inda bolt 12 take shiga. Idan fitar ta daidaita, ka gano bakin zaren. Maganin dindindin shi ne tiransista nau'in NPN da rasista (mai rage gudun wuta) kilo'om 10 zuwa bolt 12, domin ɗaga umarnin Arduino zuwa bolt 12, sai dai ka tuna wannan haɗin yana juya umarni, kunnawa ta zama kashewa, don haka dole ka gyara shirin Arduino. Aisi mai lamba CD4504 ma an yi ta ne domin irin wannan aiki. Ko wanne ka zaɓa, wajibi ne negatif ɗin Arduino ya haɗu da ƙafa ta 7.

Bolt ɗayan da kake gani lokacin kashewa kuwa, galibi saboda ƙafar fita a sake take ne, babu abin da ya riƙe ta. Mitar dijital tana da juriyar kusan mega'om 10 (om miliyan 10), saboda haka yoyon wuta na nano'amfa 100 kacal, ko daga cikin aisin, ko daga dattin dalma da danshi a kan bodi, ya isa ya sa ta nuna bolt 1 cif. Ka sa rasista kilo'om 100 tsakanin ƙafar fita da negatif, wannan yoyon zai koma bolt 0.01. Idan lambar ta ƙi sauka duk da haka, to a nan ne zan fara zargin gadar dalma tsakanin ƙafafu, ko kuma aisin kanta.

Ko bayan ka gyara sarrafawa, kada ka sa ran bolt 9 cikakke idan abin da ke gaba yana jan wuta da yawa. Makunnin yana da juriyarsa a kunne, kusan om 470 a kan bolt 5, 180 a kan bolt 10, 125 a kan bolt 15. Idan muka ɗauki om 150 a wajenka, kuma kayan da ke gaba kilo'om 1 ne, kusan bolt 7.8 ne zai isa gare su. Wannan aisi ta ɗaukar sigina ce, ba ta kunna injin lantarki ko rile (makunni mai aiki da maganaɗisu) ba.

Akwai wani abu da masu koyo suke yawan mantawa: sigina ba ta halatta ta haura wutar ƙafa ta 14 ko ta sauka ƙasa da ta ƙafa ta 7, domin da zarar ta wuce da kusan rabin bolt, dayod ɗin kariya da ke ciki suna fara wucewa da wuta, har a ga sigina a fita alhali makunni a kashe yake. Saboda haka ka riƙa kunna bolt 12 kafin siginar ta iso. Ƙafafun sarrafa makunnai ukun da ba ka amfani da su ka ɗaure su da negatif, sannan ka sa kafasita nanofarad 100 tsakanin ƙafa ta 14 da ta 7, dab da jikin aisin.