Amsa: Hawa Gran Paradiso ga wanda bai taɓa hawa ba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana Torino, kana son hawa dutsen Gran Paradiso a bazara, amma ba ka taɓa taka ƙanƙara ba, ko zai yiwu? Zai yiwu, amma don Allah kada ka je kai kaɗai.

Tsayin dutsen mita 4,061 ne, cikin gandun dajin da aka kafa a 1922, mafi daɗewa a Italiya. Yawanci kwana biyu ake yi. Ranar farko daga ƙauyen Pont a kwarin Valsavarenche kake tashi zuwa masaukin Vittorio Emanuele II, wajen mita 2,730. Wannan kowane mai lafiya zai iya, har ka ga awakin dutse masu manyan ƙaho a hanya.

Rana ta biyu, ta hawa ƙololuwar dutsen, ita ce magana. Tun kafin asuba ake fita, domin da rana ta ɗaga ƙanƙarar takan yi laushi, kuma akwai ramuka masu zurfi da dusar ƙanƙara ke rufewa, ido ba ya ganinsu. Shi ya sa ake ɗaure mutane da igiya ɗaya, da ƙarafa masu tsini a ƙasan takalmi. Ka nemi jagora mai lasisi, kuɗinsa bai kai ranka ba.

Abin da na fi ji maka shi ne ƙarancin iska. Ciwon kai, tashin zuciya ko jiri in suka tsananta, sauka ce magani, ba dauriya ba. Ka fara gwada kanka da masaukin tukuna. Lambar gaggawa 112 ce. Allah ya kai ka lafiya.