Ƙanwata, a falo za ki yi wa yara tsakar gida

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya same ni, kuma na yi murna ƙwarai da jin Abban yara ya samu gurbin digiri na uku a nan Manchesta. Allah Ya sanya albarka. Tun watan Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu tahowa da iyali, sai masu karatun bincike irin nasa da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, to ki gode wa Allah da za ku taho tare. Tambayarki biyu ce: ko ku nemi gida mai ɗaki uku don a ware wa yara ɗakin wasa irin wanda kike gani a bidiyo, da kuma ko ki shiga Sabon Gari ki cika jaka da kayan wasa kafin ku taso. Duka biyun a'a zan ce miki, amma bari ki ji dalili.

A gidan Hajiya babu wanda ya taɓa cewa ga ɗakin wasa, kuma ba mu rasa wasa ba. Tsakar gida ce, da zaure, da ƙofar gida. Yaro ya fita, idon Inna na kansa, idon matan gida na kansa, yaran maƙwabta sun ja shi. Nan duk wannan babu. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, gari ba ya wayewa sai bayan takwas, ga ruwan sama da ba shi da lokaci, ga sanyi mai shiga ƙashi. Abban yara zai wuni a jami'a. Ke ce Inna, ke ce maƙwabta, ke ce mai girki. Saboda haka wurin wasan yara dole ya kasance inda idonki yake kaiwa kina tsaye a kicin. Ɗaki a saman bene, ƙofa a rufe, ɗan wata goma sha takwas a ciki, ke kina ƙasa kina tuƙa tuwo, wannan ba hutu ba ne, zullumi ne. Kuma yaran ma ba za su zauna ba. Duk abin da kika jera musu a can, ɗaya bayan ɗaya za su kwaso shi su kawo gindin ƙafarki, don ke suke so.

Ga kuma kuɗi. Ɗaki na uku a gidajen nan sau da yawa ɗan ƙurƙutu ne, gado ɗaya ya cika shi, amma zai ƙara muku kuɗin haya kowane wata, ya ƙara na hita. Ɗalibi ba shi da wannan sararin.

Abin da na yi a gidanmu shi ne na zaɓi kusurwa ɗaya ta falo, wadda ake hangowa daga ƙofar kicin. Na shimfiɗa kafet mai kauri, na ɗora tabarmar da na zo da ita daga gida a kai. Kaurin yana da amfani biyu: ƙasa na da sanyi, sannan idan a bene kuke, na ƙasanku yana jin duk tsallen da yaro ya yi, kuma nan mutane ba sa jin nauyin ƙwanƙwasa ƙofa ko kai ƙara wurin masu gidan. Sai 'yar gajeriyar kanta wadda ba ta wuce ƙirjin yaro ba, da kwanduna huɗu. Ɗaya na bulolin gini, ɗaya na motoci da dabbobi, ɗaya na kayan girkin wasa da 'yan tsana, ɗaya na littattafai. A gaban kowane kwando na manna hoton abin da ke ciki, na rubuta sunansa da Hausa. Tun kafin babban ɗana, yayansu, ya iya karatu ya san inda mota take kwana. Kwando marar murfi ya fi, don abin da yaro ba ya gani mantawa yake yi da shi, kuma murfi mai nauyi na datse yatsa.

Sauran kayan ba a gabansu suke ba. Suna cikin kwali a saman wadirob. Duk bayan sati biyu ko uku, idan sun yi barci, sai in kwashe wasu in sauko da wasu. Da safe za ki ga murna kamar an yi musu sabuwar sayayya. Na lura idan kaya sun yi yawa yaro ba ya wasa, zubarwa kawai yake yi ya tattaka ya koma kuka. Idan sun yi kaɗan sai ya zauna da abu ɗaya har rabin awa. Kuma tattarawa ba ta wuce minti biyar ba. Mun ɗaura ta a kan magariba: da an kusa kiran salla a waya, kowa ya mayar da nasa kwando, a naɗe tabarma gefe, a shimfiɗa sallaya. Da rani kam sai mu mayar da ita bayan cin abincin dare, don a watan Yuni rana na kaiwa wajen tara da rabi ba ta faɗi ba.

Yanzu ki buɗe kunne da kyau, nan ne ya fi damuna. A shekararmu ta farko akwai wata tsohuwar durowa mai hawa huɗu da muka tarar a gidan da muka kama. Ina wanke-wanke na ji shiru, irin shirun nan da uwa ta sani. Na leƙo na ga yayansu, yana ɗan shekara biyu, ya jawo hawa biyu na ƙasa ya mai da su matakala, yana miƙa hannu zai ɗauko wata mota da ni da kaina na ajiye a sama don kada ya taɓa. Durowar ta riga ta fara rinjayowa. Da kumfa a hannuna na tare ta da kafaɗa. Kwana uku kafaɗar na ciwo, amma abin da na kasa mantawa shi ne ƙafarsa ƙarama a kan hawa na biyu. Wannan haɗari sananne ne: a 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka bayan sun faɗo wa yara har wasu sun rasu. Duk abin da ya fi yaro tsawo a ɗaure shi da bango, har da talabijin. Gidan haya ne, don haka ki sa Abban yara ya rubuta wa masu gidan neman izinin huda bango, ku ajiye amsar, kada a zaftare muku kuɗin ajiya ranar tashi. Kuma kada ki ajiye abin da yaro ke so a saman abin da zai iya hawa.

Igiyar labulen taga ta kan shaƙe yaro, a naɗe ta can sama. Ƙananan batira masu kama da maɓalli, waɗanda ke cikin rimot da wasu kayan wasa, idan yaro ya haɗiye suna ƙona maƙogwaro cikin awanni kaɗan. Wannan asibiti ne kai tsaye, ba jira. A jikin kayan wasa ki duba tambarin CE ko UKCA, da wani jan da'ira mai fuskar jariri da 0-3 an soke ta, ma'ana ba na ƙasa da shekara uku ba ne. Tunda naki ɗaya huɗu ne ɗaya bai kai biyu ba, ƙananan bulolin Lego na yayan su zauna a sama, a sauko da su idan ƙanin ya yi barci. Ƙofar kariya a bakin matakala da bakin kicin. Sannan ranar da za ku duba gida, ki ja labule ki kalli kusurwoyi da bayan kujeru. Idan kin ga baƙin fumfuna ko kin ji warin danshi, kada ki kai tabarmar yara wurin. A Rochdale, nan kusa da mu, wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a 2020 saboda fumfunar gidansu. Ko da sanyi, ki riƙa buɗe taga na 'yan mintuna kowace safiya.

Maganar sayayya kuwa, ki bar kilo ɗinki na jirgi ga abin da babu shi a nan. Kayan wasa nan kamar ƙasa suke. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji irin Oxfam da Barnardo's, da Facebook Marketplace, za ki samu masu kyau da 'yan fam kaɗan, wasu ma kyauta. Ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu kawai. Katin laburare kyauta ne har na jariri, kuma yawancinsu suna da zaman waƙa da karatu na ƙananan yara. Yayan, idan ya cika huɗu kafin ƙarshen Agusta, a watan Satumba zai shiga ajin farko na firamare, ki fara neman gurbi da zarar kun samu adireshi.

Abin da zan so ki taho da shi: tabarma, ƙananan ƙore da ludayi, 'yar muciya, faifai, 'yan tukwanen wasa, allo, da littattafan Hausa na yara duk wanda kika samu. Na ƙarshen nan shi ne bakin maganata. Wata shida da shigar yayansu makaranta na ji shi a kan tabarma yana yi wa motocinsa magana da Turanci, har faɗa da sulhu. Abin ya taɓa ni. Tun daga ranar na ce a kan tabarmar nan Hausa ake yi. Ba da tsawa ba. Ni nake zama in sayi "tuwo" da "miyar kuka" a wurin ƙanwarsa, in yi ciniki, in ce ya yi tsada. Da dare a nan muke "ga ta nan, ga ta nanku", Gizo ya yi ta tsiyarsa. Ranar Asabar mu kira Hajiya ta bidiyo su nuna mata abin da suka gina. Bayan wannan kiran, waya ba ta hawa tabarmar. Ranar da ruwa ya tsare ku tun safe za ki ji kamar ki miƙa musu ita ki huta, na san wannan gajiyar. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin, na biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. A irin ranar nan nakan ba su babban kwali da fensira masu launi, ko in sa musu rigar ruwa da takalmin roba mu fita filin wasan unguwa ko na minti ashirin ne.

Idan kun samu gidan da kuke so, kafin ku sa hannu ki ce a turo miki hoton falon daga bakin ƙofar kicin, ki turo mini mu duba kusurwar tare. Ina da ƙofar matakala guda da kwanduna biyu da nawa suka girme wa, na ajiye miki. Ki gaida Hajiya da Abban yara, ki shafa mini kan yaran.